Ra'ayi: Masu farautar rangwame a Amurka da hoton da telebijin ya yi masu

Kwanakin baya wani ƙanena ya turo mani ɗan bidiyo ta WhatsApp, ya rubuta a ƙasansa: "Yaya, dubi yadda ake cefane a ƙasar masu wayo." A cikin bidiyon wata Ba'amurkiya ce tsaye gaban mai karɓar kuɗi a wani babban kanti, bayanta kekunan zuba kaya cike maƙil da taliya, sabulu, man goge baki da kwalaben lemo. Na'ura ta haɗa lissafi, kuɗin ya haura dalar Amurka 1,000, wato fiye da CFA dubu 500 a canjin yanzu. Sai matar ta buɗe wani kundi mai kauri, ta shiga miƙa ƴan takardu ɗaya bayan ɗaya. Duk takardar da aka goga a na'ura sai lissafin ya sauka. Kafin a gama, abin da ya rage ta biya bai kai kashi goma cikin ɗari na kuɗin farko ba. Mutanen da ke kan layi suka kaure da tafi, ita kuma ta share ƙwalla.

Bidiyon ba sabo ba ne. An yanko shi daga wani shirin tashar TLC ta Amurka mai suna Extreme Couponing, wanda aka fara nunawa a watan Disamban 2010, aka mayar da shi shirin mako-mako a watan Afrilun 2011, ya ci gaba har 2012. Shirin ya daɗe da mutuwa, amma guntayensa na nan suna yawo a TikTok da Facebook, suna shigowa wayoyin mutanen Maradi da Damagaram da Tawa, inda magidanci ke lissafin kuɗin tiyar hatsi kafin ya kwanta barci. Wanda ya kalla yakan tashi da ɗaya daga tunani biyu. Wani ya ce waɗannan mata sun gano sirrin cin banza. Wani ya ce ai taɓin hankali ne, me mutum zai yi da kwalin man goge baki ɗari? A ganina duka biyun abin da kyamara ta so mu gani ne, kuma duka biyun sun zalunci mutanen da ake nunawa. Kafin in faɗi dalili, bari mu fara da takardar kanta.

Mece ce takardar rangwame?

Takardar rangwame, wadda suke kira kupon, alkawari ne a rubuce. Kamfanin da ke yin kaya yana cewa: duk wanda ya kawo wannan takarda ya sayi kaza, a rage masa senti 50 ko dala ɗaya. Mai kanti ya karɓi takardar a madadin kuɗi, ya tara, ya aika wa wani kamfanin tantancewa, daga nan kamfanin mai kayan ya biya shi abin da ya rage wa mai saye, har da ɗan ladan wahala, yawanci senti 8 a kan kowace takarda. Ke nan mai kanti bai yi asara ba. Akwai kuma takardar da kantin da kansa yake bugawa, wadda shi ke ɗaukar nauyinta.

Abin ya daɗe. Ana danganta farkonsa da kamfanin Coca-Cola a birnin Atlanta, inda tun 1887 aka riƙa raba takardun da ke ba mutum damar shan kofi ɗaya kyauta, dabarar da Asa Candler ya faɗaɗa har lemon ya zama sananne a faɗin ƙasar. A farkon ƙarni na 20 C. W. Post ya shiga ba da takardar ragin senti ɗaya a kan abincin karin kumallo na kamfaninsa. A 1957 kamfanin Nielsen ya buɗe cibiyar tantance waɗannan takardu, alamar cewa harkar ta zama masana'anta mai zaman kanta. Shekaru da yawa babbar hanyar da takardun ke isa gidaje ita ce jaridar ranar Lahadi, wadda ake cusa mata ƙananan mujallu cike da su.

Ƙwararrun masu farautar rangwame ba sihiri suke yi ba. Suna jiran ranar da kanti ya karya farashin wani kaya, sai su ɗora takardar kamfani a kai, su ƙara da takardar kantin, idan kuma kantin yana da al'adar ninka darajar ƙananan takardu, sai ragin ya ninku. Man goge bakin da ake sayarwa dala uku, aka karya shi zuwa dala ɗaya, mai takardar senti 50 da aka ninka zai ɗauke shi kyauta. Idan yana da takardu ashirin iri ɗaya, zai ɗauki ashirin. Dabarar ke nan. Sauran duk haƙuri ne da lissafi da almakashi.

To me ya sa kamfani zai yarda da haka? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Masana tattalin arziki sun daɗe da bayyana cewa takardar rangwame hanya ce ta sayar da kaya ɗaya a farashi biyu. Wanda ke da kuɗi kuma ba ya da lokaci zai biya cikakken farashi ba tare da ya duba ba. Wanda kuɗinsa ya yi kaɗan amma yana da lokacin yankan takarda zai biya ƙasa da haka, maimakon ya tafi wajen abokin hamayya. Chakravarthi Narasimhan ya yi wannan bayani dalla-dalla a wani bincike da ya wallafa a 1984. Kuma kamfanonin sun san yawancin takardun shara za su tafi. A 2010 an raba fiye da biliyan 300 a Amurka, waɗanda aka kai kanti aka yi amfani da su kusan kashi ɗaya ne cikin ɗari. Sauran kashi 99 sun yi aikin talla ne kawai: sun sa sunan kaya a idon mutum ranar Lahadi da safe.

Abin da kyamara ta nuna da abin da ta rufe

Lokacin da shirin ya fito ba a banza ya samu karɓuwa ba. Rikicin kuɗi na 2008 ya raba miliyoyin Amurkawa da aikinsu da gidajensu. Rashin aikin yi ya kai kashi 10 cikin ɗari a watan Oktoban 2009. A 2010 mutanen da ke karɓar tallafin abinci na gwamnati sun haura miliyan 40. A cikin irin wannan yanayi, shirin da ke cewa ana iya cika gida da kaya kusan kyauta tamkar ruwan sanyi ne ga mai ƙishirwa.

Kowane kashi na shirin tsari ɗaya yake bi. Da farko a shiga gidan mutum a nuna rumbunsa: gareji ko ɗakin ƙasa ko ƙarƙashin gadon yara, an jera kaya kamar kanti. Sai a nuna yadda yake tara takardu. A shirin farko ma har an nuna wata mata tana shiga kwandon shara tana tsinto tsofaffin jaridu. Daga nan a tafi kanti. A ƙarshe a tsaya gaban na'ura, a sa kiɗa mai tayar da hankali, a nuna fuskar mutum cikin fargaba ko na'urar za ta ƙi wata takarda, sannan a bayyana sakamako: ragin kashi 90 da wani abu cikin ɗari.

Abubuwan da ba a faɗa wa mai kallo da babbar murya ba sun fi waɗanda aka faɗa yawa. Na farko, wannan sayayya ba cefanen mako ba ce. Fita ce ta musamman da aka shirya don kyamara, aka zaɓi kayan da takarda ke rufewa kawai, aka bar nama da madara da ganye da ƴaƴan itace, waɗanda iyali ba sa rayuwa sai da su kuma da wuya a samu takardarsu. Na biyu, an samu kantunan da suka sassauta ƙa'idojinsu ranar ɗaukar hoto, suka karɓi abin da ba za su karɓa daga hannun kowa ba washegari. Kamfanin kantunan Lowes Foods na jihar North Carolina ya fito fili a 2011 ya ce an tsara wani ɓangare na abin da aka nuna a kantinsa, ya kuma nuna nadamar shiga shirin. Na uku, ba a sa kuɗin jaridun da aka saya ko na takardun da aka yi odarsu ta intanet a cikin lissafin ƙarshe, ba a sa man mota, ba a sa kuɗin kantoci da firji na ajiya.

Na huɗu kuma shi ne mafi girma: lokaci. Da yawa daga cikin waɗanda aka nuna sun faɗa da bakinsu cewa sukan kwashe sa'o'i gommai a mako suna yanka, suna jerawa, suna bin shafukan intanet, suna zagaya kantuna. Wannan aiki ne cikakke, ba shi da albashi, ba shi da hutu. Idan aka raba abin da aka rage da sa'o'in da aka kashe, labarin yakan sauya kama. Matar da ke aiki biyu don ta biya haya ba ta da waɗannan sa'o'i. Wanda ba ya da mota ba zai zagaya kantuna huɗu ba. Wanda ke zaune a ɗaki ɗaya ba ya da inda zai jibge kwali hamsin. Shi ya sa binciken kasuwa da kamfanin Nielsen ya yi a wancan lokaci ya nuna cewa masu yawan amfani da takardun sun fi fitowa daga gidaje masu rufin asiri, ba daga mafi talauci ba. Rangwamen yana bin wanda ke da sararin nemansa.

Jaruma ko mahaukaciya

A nan ne nake ganin babban laifin kafofin watsa labarai. Sun ba mai kallo hoto biyu na mutum ɗaya, suka bar shi ya zaɓa.

Hoto na farko shi ne na jaruma, uwa mai dabara da ta ci galaba a kan tsadar rayuwa da almakashi. Yana da daɗin kallo, amma akwai guba a cikinsa. Idan wannan mata ta iya ciyar da gidanta da ƴan daloli, to wadda ta kasa fa? Saƙon da ke ƙasa shi ne cewa yunwa lalaci ce, kuma wanda ke layin karɓar tallafi bai yi ƙoƙari ba ne. An ɗauke magana daga kan albashin da bai isa ba, da farashin da kamfanoni ke sawa, da aikin da ya ɓace, an ɗora ta a kan halin mutum ɗaya. Ga ƙasar da miliyoyi suka rasa aiki ba da laifinsu ba, wannan saƙo ya yi wa masu iko daɗi ƙwarai.

Hoto na biyu shi ne na mai taɓin hankali. Kyamara takan daɗe a kan jerin kwalabe ɗaruruwa, a kan mijin da ke girgiza kai, a kan yaron da aka ƙwace wa rabin ɗaki don a ajiye takardar bayan gida. A daidai wannan lokaci tashar TLC ɗin tana nuna wani shiri mai suna Hoarding: Buried Alive, a kan mutanen da cutar tara tarkace ta kama. Mai kallo ba ya buƙatar a ce masa komai, da kansa zai haɗa biyun. Ta haka tattali, wanda a ko'ina cikin duniya hali ne na yabo, ya koma abin dariya.

Kada kuma mu manta cewa yawancin waɗanda aka nuna mata ne. Aikin lissafin cefane, sanin inda ya fi araha, tuna abin da ya ƙare a gida, aiki ne da mata ke yi a Amurka kamar yadda suke yi a ko'ina, ba tare da kowa ya ƙirga shi a matsayin aiki ba. Ranar da telebijin ya waiwayi wannan aiki, bai nuna shi a matsayin ƙwarewa ba sai da ya kai shi maƙura ya mayar da shi wasan kallo. Ɗan kasuwar da ya sayi kaya da yawa lokacin araha ana kiransa mai hangen nesa. Matar gida da ta yi haka nan ana kawo mata kyamara a ga ko lafiyarta ƙalau.

Tsakanin waɗannan hotuna biyu an ɓatar da mutumin gaskiya: tsohuwar da ke zuwa kanti da takardu biyar ko shida a jaka, ta rage ƴan daloli a mako, kuɗin da a ƙarshen wata zai biya mata magani ko wutar lantarki. Irinta su ne mafi yawa. Labarinta ba ya da kiɗa, ba ya da tafi, don haka babu wanda ya je gidanta.

Wa ya biya kuɗin wasan?

Ita dai wannan tsohuwa ita ta biya. Bayan shirin ya yi tashe, sababbin shiga suka cika kantuna suna son su maimaita abin da suka gani. Aka riƙa share kanta guda a sa'a ɗaya, wanda ya zo daga baya ya tarar da wayam. Layi ya riƙa tsayawa saboda mutum ɗaya. Jaridu a garuruwa da dama suka ba da rahoton satar mujallun rangwame daga cikin jaridun Lahadi. Kantuna suka mayar da martani da tsaurara ƙa'ida: aka iyakance yawan takardu iri ɗaya da mutum zai miƙa, aka rage damar ɗora takarda a kan takarda, manyan kamfanoni irin su Kroger suka daina ninka darajar takardu a yankuna da yawa. Kamfanonin kaya su ma suka gajarta wa'adin takardunsu, suka ƙara sharuɗɗa. Mai karɓar kuɗi ya fara kallon duk mai riƙe da takarda da idon zargi. Tashar ta samu masu kallo da kuɗin talla ta wuce, aka bar masu ƙaramin ƙarfi da ƙofar da ta ƙunce.

Daga nan hoto na uku ya shigo, na ɓarauniya. Ba ƙarya ba ne cewa akwai zamba a harkar. Ƙungiyar da kamfanoni suka kafa don yaƙi da ita, Coupon Information Corporation, ta nuna cewa har a cikin shirin an yi amfani da jabun takardu. A 2012 ƴan sandan birnin Phoenix a jihar Arizona suka kama mata uku, suka ƙwace jabun takardun da aka ƙiyasta darajarsu ta kai dala miliyan 40. A 2021 kotu ta yanke wa wata mata daga Virginia Beach hukuncin ɗaurin shekara 12 saboda buga jabun takardun da suka jawo asarar sama da dala miliyan 31. A wannan shekarar ce kuma Hollywood ta fitar da fim ɗin barkwanci mai suna Queenpins, tare da Kristen Bell, wanda aka gina a kan labarin Phoenix. Waɗannan laifuka ne na gaske kuma sun cancanci a ba da labarinsu. Sai dai mai buga jabun kuɗi ba ya sa a zargi duk mai kashe kuɗi. A nan kuwa, cikin shekara goma, hoton mai amfani da takardar rangwame a allon Amurka ya tashi daga jaruma zuwa mahaukaciya zuwa mai laifi, bai taɓa tsayawa a kan mutum mai hankali da ke kula da aljihunsa ba.

A yi wa ɗaya ɓangaren adalci

Za a iya ce mani na matsa wa telebijin da yawa, kuma akwai gaskiya a ciki. Babu wanda aka tilasta wa shiga shirin. Wasu daga cikinsu sun yi amfani da sunan da suka samu suka buɗe shafukan koyar da tattali, suka mayar da shi sana'a. Wasu suna kai kaso mai yawa na abin da suka tara ga cibiyoyin ciyar da mabuƙata da gidajen marasa galihu, shirin ma ya nuna hakan a wasu lokuta. Mutane da dama sun koyi duba farashi da jiran lokacin araha ta dalilinsa. Haka kuma akwai waɗanda abin ya zame masu jaraba da gaske, suna sayen abin da ba sa buƙata don kawai daɗin ganin lissafi ya sauka. Wanda ya sayi abincin kyanwa alhali ba ya da kyanwa bai yi tattali ba, ko da kyauta ya samu.

Akwai ma abin da ya fi wannan nauyi a kan hujjata: masu saye da kansu suna son wasan. A 1996 kamfanin Procter & Gamble ya gwada daina ba da takardu a wasu garuruwan arewacin jihar New York, da alkawarin sauƙaƙa farashi ga kowa. Jama'a suka yi ca, hukumomin jihar suka shiga maganar, aka janye gwajin. A 2012 sabon shugaban kantunan J. C. Penney, Ron Johnson, ya soke takardun rangwame da yawan karya farashi, ya ce zai sa farashi na gaskiya kai tsaye. Cinikin kamfanin ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a shekara guda, a watan Afrilun 2013 aka sallame shi. Mutane sun fi son a rubuta dala 40 a rage masu zuwa 20 a kan a rubuta 20 tun farko. Duk wanda ya taɓa taya atamfa a kasuwa ya san wannan daɗi: ba kayan kawai ake saye ba, har da jin cewa an yi nasara a ciniki.

Amma wannan bai wanke ƴan jarida ba, ƙara masu nauyi ya yi. Idan kamfanoni sun gano wannan rauni na ɗan Adam suna gina farashinsu a kai, aikin mai ba da labari shi ne ya nuna yadda tarkon yake, ba ya haska fitila a kan wanda ya faɗa ciki ko wanda ya tsallake ba. Tambayar da shirin bai taɓa yi ba ita ce: idan kamfani zai iya rage rabin farashi ga mai takarda kuma ya ci riba, nawa yake ɗora wa wanda ba ya da ita?

Daga almakashi zuwa waya

Yau takardar jarida tana ja da baya, rangwamen ya koma cikin waya. Mutum ya sauke manhajar kanti, ya yi rajista da lambarsa, ya danna kafin ya je biya. Ya fi sauƙi, amma kuɗin da ake biya ya sauya iri. Da lokacinka kake biya, yanzu da bayananka: abin da kake ci, ranar da kake saye, maganin da kake sha, inda kake zaune. Kanti yana tara wannan, yana sayar da talla da shi, yana kuma iya ba kowa nasa tayin daban. Tsofaffi da marasa wayar zamani, waɗanda su suka fi buƙatar ragin, su ne ke biyan cikakken farashi a kan kaya ɗaya, abin da ƙungiyoyin kare haƙƙin masu saye a Amurka suka daɗe suna kuka a kai. Lokacin da farashin abinci a kantunan ƙasar ya tashi da fiye da kashi 11 cikin ɗari a 2022, sabon zubin masu farautar rangwame ya bayyana a TikTok, da bidiyon minti ɗaya da rasit a hannu. Tsarin bai sauya ba: a nuna babban lissafi, a nuna ƙaramin biya, a ɓoye sa'o'in da ke tsakani. Bambancin kawai shi ne yanzu mai bidiyon yakan samu kamasho idan ka danna mahaɗin da ya sa.

Abin da ya shafe mu

Mu a nan ba mu da jaridar Lahadi mai cike da takardu. Rangwamenmu a baki yake: tayi, ragi, da gyaran da mai tumatir ke ɗorawa bayan an gama awo. Amma dabarar sayar da kaya ɗaya a farashi biyu ta riga ta iso aljihunmu. Duk mai waya ya san saƙon garaɓasa: sa kuɗi yau a ninka maka, amma kyautar ta ƙare cikin kwana kaɗan, kuma ba ta kiran kowane layi. Wanda ke da kuɗin sawa a ranar shi ke cin moriya. Wanda ke sa ɗari-ɗari idan ta samu shi ke biyan mafi tsada. Tambayar da ya kamata mai saye ya yi wa kansa ɗaya ce a Ohio da Tasawa: da babu wannan ragin, zan sayi wannan abin? Idan amsar a'a ce, ba ragi aka yi maka ba, ciniki aka yi da kai.

Darasi na biyu namu ne, mu masu riƙe da alƙalami da kyamara. Duk shekara idan rumbuna suka yi ƙasa kafin sabon hatsi ya nuna, gwamnati takan buɗe sayar da hatsi a farashi mai rahusa. Hoton da muka fi saurin ɗauka shi ne na cunkoso: mata a rana, turereniya, buhu a ka. Hoton yana jan ido, kamar yadda kekunan kantin Amurka ke ja. Amma sau nawa muke zama da ɗaya daga cikin matan nan mu tambaye ta lissafinta, nawa ke shigowa gidan, nawa ke fita, wace sana'a ta bari a ranar don ta tsaya layi, kwana nawa abin da ta samu zai kai? Matar da ke zagaya kasuwa sau biyu kafin ta sayi tiya ɗaya ba marowaciya ba ce, kuma ba abin tausayi kawai ba ce. Ma'ajin gida ce da ke aiki da kasafin da ministan kuɗi ba zai iya da shi ba. Idan za mu nuna ta, mu nuna ta da wannan daraja, mu kuma juya kyamara ga waɗanda ke sa farashi.

Na mayar wa ƙanena amsa a daren. Na ce masa matar da ya gani ba ta ci banza ba, aiki ta yi na makonni wanda ba a nuna masa ba, kuma an shirya mata fili a ranar. Ya ce to ai duk da haka ta fi mu wayo. Na ce ya je ya tambayi Inna yadda take kai kuɗin cefanen kwana uku zuwa kwana biyar, ba takarda, ba na'ura, ba mai tafa mata. Har yanzu bai ba ni amsa ba.